Tsohon Sukudireban Kawu

Zuwa ga ɗiyata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da aiki. Mu nan lafiya lau, sai Innarki da ƙafarta, ni kuma da kunnen nan da ya hana ni jin daɗin waya. Shi ya sa na buga miki takarda kamar yadda na saba, direban da ke kai miki saƙo zai miƙa.

Kin san abin da aka yanke ranar da kika zo. Yayanki ya kafe sai an rufe shagona, wai hannuna ya fara rawa, in dawo gida in zauna ina kallon bango. Ɗan da na haifa ke nan. A ɗakin nan kaf ke kaɗai kika tsaya mini. Ban manta da kika ce masa, "Kawu ne ya koya mini kwance kwamfuta. In ya haɗa sabuwa da hannunsa kafin ƙarshen wata, ka bar masa shagonsa." Shi kuma ya yarda, don a ganinsa ba zan iya ba.

Tsohuwar kwamfutar dai ta gaji, wannan babu musu. Aikin kuwa yana nan yadda kika san shi: a kawo tsohon kaset na bidiyo ko na rediyo, in juye shi a kwamfuta, in zuba wa mai shi a filash, jefi-jefi kuma in taɓa gyara. Yanzu haka akwai kaset arba'in na wata tsohuwar shugabar makaranta a ƙarƙashin tebur suna jirana.

Na je kasuwa, mai kaya ya nuna mini furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, sahu biyu. Akwai na gama-gari, wanda kowa ke saye, ɗan ƙarami. Akwai kuma na manya, girmansa ya kusa tafin hannuna, wai ma'aikata talatin da biyu ne a cikinsa, madabod ɗinsa kuma, allon da ake dasa shi a kai, da gurbin katin ram har takwas. Da na ɗaga shi, Injiniya, sai da na ji nauyinsa har ƙirjina.

Kin tuna Mai Fitilu, maƙwabcin shagona, wanda kwamfutarsa ke walƙiya ja da kore kamar motar asibiti? Na ba shi labari, sai ya ce, "Baba, kai ƙaramin ya ishe ka. Babban nan sai masu hannu." A gaban mutane ya faɗa.

Ba don ban sani ba nake tambayarki, so nake in ji ra'ayin 'yan zamani. Wanne zan ɗauka?

Ki gai da maigidan.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawuna,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa, ina kuma yi wa Inna sannu da ƙafa. Takardarka ta iso, na karanta har sau biyu, kuma tun daga inda ka ce ka ji nauyinsa har ƙirjinka na san inda zuciyarka ta karkata.

Kawu, don Allah ka ɗauki na gama-gari.

Kaset ɗin minti casa'in, sai ya yi minti casa'in ɗinsa kafin ya ƙare. Ko ma'aikata dubu ka zuba a cikin kwamfutar, a tsaye za su yi cirko-cirko suna kallon kaset yana juyawa a hankali. Ƙaramin yana da takwas, kuma a aikinka ko rabinsu ba za su yi gumi ba.

Babban ba shi kaɗai yake zuwa ba, da danginsa yake tafe. Sai ka sauya masa akwati, don madabod ɗinsa ba zai shiga tsohon naka ba. Sai ka nemo masa fanka ta musamman, da abin ba da wuta mai ƙarfi. Zafin da zai riƙa fitarwa kuma, a shagon nan mai taga ɗaya, kai za ka sha shi. An yi shi ne don masu haɗa manyan finafinai da masu zanen gine-gine, waɗanda ke cusa katin sarrafa hoto huɗu biyar a kwamfuta ɗaya. A wajen aikinmu akwai irinsa guda biyu, kuma ko ni ba na taɓa su sai littafin bayaninsu na buɗe a gabana.

Na san ra'ayinka game da littafin bayani. Tun ina yarinya ban taɓa ganin ka buɗe shi ba, sai dai ka ɗora kofin shayi a kai. Kakan ce hannunka ya san sukuru fiye da wanda ya ƙera shi. A kan ƙaramin, wannan zai fisshe ka: ka ɗaga ɗan ƙarfe, ka ajiye furosesa, ka mayar da ƙarfen, shi ke nan. A yini ɗaya ka gama, Yaya ya zo ya gani, bakinsa ya mutu.

Shi kuwa Mai Fitilu, ka rabu da shi. Mutumin da ya sa fitila a cikin akwati alhali ba wanda ke kwana a ciki, ba shi zai auna maka hannu ba.

Ba wanda ya ce ka haɗa babba, Kawu. Cewa aka yi ka haɗa sabuwa.

Ɗiyarka,
Injiniya.

*

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Na gode da shawara. Na bi maganarki, na ɗauki ƙaramin. Na haɗa, ta tashi, tana aiki sumul. Har na fara kaset ɗin shugabar makaranta.

Kada ki wahalar da kanki da zuwa, aiki ya yi miki yawa. Ki bari sai bayan wata.

Kowa lafiya. A gai da maigida.

Kawunki.

*

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa, Inna, ya ƙafar? Na ce wa direba wannan takardar a hannunki zai sa ta, kada ya bi da ita ta shago.

Takardar Kawu ta zo jiya. Ina karanta "ta tashi" na yi tsalle, na kira Yaya nan take, na ce masa ya je ya ga ikon Allah, kuma ya nemi gafarar mahaifinsa. Har da gatse na haɗa masa. Ya ce ranar Asabar ta sama zai zo shagon ya gani da idonsa.

Sai da na ajiye wayar na sake duban takardar, sannan na lura. Da biro aka rubuta ta, Inna. Rabon da Kawu ya rubuta mini da hannu shekara shida ke nan, kullum bugawa yake yi. Mutumin da ya haɗa sabuwar kwamfuta da kansa, ai takardar farko da zai buga ita ce tawa, har da manyan baƙaƙe.

Kuma na ga rubutun. Layi biyar ne, amma kowane harafi sai da ya karkace. Ban san rawar hannun ta kai haka ba. Ni ce na tsaya a gaban kowa na ɗora masa wannan sharaɗi, ban ko dubi hannunsa ba.

Don Allah ki gaya mini gaskiya. Me ke faruwa a shagon?

Ɗiyarki.

*

'Yar nan,

Na amsa gaisuwarki. Ƙafa da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da keken ɗinki na fi sabawa.

Kawunki babban ya sayo. Ranar da takardarki ta zo ya karanta, ya ce, "Yarinyar nan ta yi gaskiya," ya ninke ya sa a aljihu, ya fita. Da yamma sai ga shi da kwalaye har biyar a bayan mota, yana wani taku kamar ango. Sai da ya sa aka sauke su a ƙofar Mai Fitilu tukuna, wai direban ne ya yi kuskuren ƙofa.

Ya kwance tsohuwar don ya ɗauki wasu kaya a cikinta, to ita ma yanzu ba ta tashi. Sabuwar kuma tun ranar da ya haɗa ta, fanka kawai take juyawa, allon baƙi ƙirin. Ya kwance ya mayar ya fi sau goma. Ya koma wa mai kaya, shi kuma ya ce masa abin da aka buɗe aka ɗaura ba ya dawowa.

Yau kwana tara. Da safe zai yi wanka ya sa kaya ya tafi shago, ya ja labule rabi. Ranar Talata na kai masa abincin rana, na same shi ya sa kaset a na'ura yana juyawa, ya ƙure sauti don na waje su ji kamar aiki ake. Babu abin da ke shiga ko'ina. Shugabar makarantar nan ta zo ina wurin, tsohuwa ce da sanda, ta ce, "Malam, nawa aka gama?" Ya ce, "Ana kai, Hajiya." Ta ce muryar mijinta marigayi ce a ciki, tana so jikoki su ji. Da ta fita bai ɗago kai ba har na kwashe kwanona.

Na ce masa, "Ka kira yarinyar nan mana." Ya ce, "Da wane bakin? Ta ce kada in yi, na yi, na kuma yi mata ƙarya." Na ce, "To Mai Fitilu fa?" Kallon da ya yi mini, ban sake ba.

Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Shekara talatin da takwas muna tare, ban taɓa ganin ya bi ta bayan layi don kada ya gaisa da mutane ba sai yanzu.

Wani abu kuma, ko yana da amfani ban sani ba. Ranar da ya buɗe kwalin furosesan, akwai wani ɗan sukudireba mai kan roba a ciki. Ya juya shi ya yi tsaki, ya ce, "Kayan wasan yara," ya jefa a kwandon shara tare da littafin. Ya ciro nasa na kullum, mai ƙotar katakon nan, ya ɗaure sukurun da shi har yana cije leɓe. Kin san ni ba na iya ganin ƙarfe mai kyau a shara. Na tsince su, suna cikin gwangwanin maɓallaina, littafin kuma a ƙarƙashin keke.

Kada ki nuna masa ni na faɗa. Ko kuma ki nuna, na gaji.

Innarki.

*

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma ina roƙon kada ka yi wa Inna faɗa, ni na matsa mata. Rubutun bironka ne ya fara tona maka asiri kafin ita.

Ba zan ce na gaya maka ba. Ni ma da nawa laifin, na yi cika baki da sunanka ban tambaye ka ba.

Ina jin na san abin da ke damun kwamfutar. A gurbin babban furosesa akwai 'yan allurai sama da dubu huɗu, kuma dole kowace ta taɓa shi daidai. Murfin yana da sukuru uku, an rubuta musu lamba. Sai an bi su ɗaya, biyu, uku, a fara kama kowanne kaɗan, sannan a dawo a ɗaure. Ɗan sukudireban da ka jefar, shi ne ma'aunin. In sukuru ya kai inda ake so, zai yi ƙas, ya daina ɗaurewa ko an ci gaba da murɗawa. Ba don an raina hannunka aka sa shi a kwalin ba, babu hannun da ke iya auna wannan, har da nawa. Yana cikin gwangwanin maɓallan Inna.

Ka kwance murfin, ka sa Inna ta duba alluran da gilashin nan naka na ƙara girma. In ba su kwanta da yawa ba, akwai fata.

Sai magana ta biyu. Ka tuna ina shekara goma sha uku, na ɗaure sukuru a madabod ɗin wani malamin asibiti har ya tsage? Ina tsaye a bayan ƙofa, na ji ka ce masa, "Ni ne, hannuna ne ya zarce." Ya zazzaga maka masifa a gaban mutane, ba ka ko waiwayo inda nake ba. Har yau ba wanda ya sani, ko Inna.

To ka bar ni in rama. Yaya sai Asabar zai zo. Zan shigo motar safe ranar Juma'a, in shiga ta ƙofar baya, in haɗa ta, in koma a motar yamma. In alluran sun lalace, zan taho da ƙaramin a jakata mu sa shi. Ba wanda zai ji, kuma ranar Asabar kai za ka danna maɓalli.

Ka aiko mini da amsa ta hannun direba kafin Alhamis.

Ɗiyarka,
Injiniya.

*

Zuwa ga ɗiyata Injiniya,

Wa alaikumus salam. Kin ga wannan bugawa aka yi.

Takardarki ta same ni a shago. Na karanta, na rufe ƙofa, na daɗe a zaune. Ƙaryar da na yi miki ta fi kwamfutar ci mini rai. Ke kika tsaya mini a gaban ɗana, ni kuma na saka miki da layi biyar na ƙarya. Ki yafe mini.

Kada ki zo ranar Juma'a. Wancan karon yarinya na rufa wa asiri. Ni ba yaro ba ne, kuma sharaɗin da hannuna aka ce.

Na koma gida na ce wa Innarki ta ba ni abin da ke cikin gwangwaninta. Ta zazzage maɓallai a faranti ta miƙo mini. Da ta yi mini gori ma da ya fi mini sauƙi.

Jiya da hantsi muka tafi shago tare. Ta duba alluran da gilashi, ta ce a gefe ɗaya akwai 'yan kaɗan da suka sunkuya. Ta zauna a gefen kunnena mai ji, ta buɗe littafin, tana karanta mini tana nuna hoto da yatsa. Ni da na shekara talatin ina ɗora kofi a kan irinsa, ga ni ina cewa, "Maimaita, ban ji ba." Sukudireban ya zame mini sau biyu, sai da na riƙe shi da hannu bibbiyu. Ƙarar da kika ce zai yi ban ji ta ba. Innarki ce ke cewa, "Ya yi ƙas, tsaya!" A nawa jin, ko rabin ɗaurewa bai yi ba. Da nawa sukudireban ne, da na ƙara murɗa uku.

Na danna maɓalli, allo ya kawo haske. Innarki ta yi guɗa har Mai Fitilu ya leƙo.

Ram takwas na sa, shida take gani. Biyun sun tafi ke nan, alluransu ne na kwantar da ƙarfin hannuna. Shidan ma sun fi ƙarfin aikina nesa ba kusa ba. Na sa kaset ɗin farko na shugabar makaranta, na zauna ina kallon agogo. Minti casa'in cif ya ɗauka. Ma'aikata talatin da biyu, ɗaya ne ke motsi, sauran sai hura mini zafi suke.

Ban jira Asabar ba. Na kira yayanki ya zo da yamma, na gaya masa komai: babban da na saya don maganar Mai Fitilu, da kwana taran da na yi ina kunna kaset a banza, da ƙaryar da na yi miki har kika yi masa gatse a kanta. Na ce in sharaɗin hannuna ne shi kaɗai, to na faɗi, don da idon uwarsa da kunnenta na haɗa. Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Can ya ce, "Baba, in dai Inna za ta riƙa zuwa, ka ci gaba da kaset ɗinka." Daga nan ya fita waje ya tsaya, wai zafin shagon ne ya sa masa ruwa a ido.

Shago yana nan. Amma yau da safe na sa an goge "Gyaran Kwamfuta" daga allon ƙofa, an bar "Juyar da Kaset". Ba wanda ya sa ni.

A cikin ambulan ɗin za ki ga abu naɗe a ƙyalle. Sukudirebana ne mai ƙotar katako, wanda kika fara riƙewa. Har yanzu lafiyarsa ƙalau, hannun ne ya daina sanin sukuru. Ki riƙe shi.

Kawunki.

*

Kawu,

Salamu alaikum. Saƙo ya iso. Na buɗe ƙyallen a ofis, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Na yafe, kai ma ka yafe mini.

Akwai wani tsohon kaset a akwatina, muryar mahaifiyata ce, ƙanwarka, tana yi mini waƙar reno. Shekara da shekaru na kasa ba kowa. Zan kawo maka ranar Asabar, ta ƙofar gaba. Minti sittin ne, kuma zan zauna kusa da kai har ya ƙare.

Ɗiyarka.